Waiwaye: Wa Ya Koya wa 'Ya'yanmu Jiran Ofis?

Wanda bai ga Kakuri ba a farkon shekarun 1980, da wuya ya gaskata labarinta idan aka ba shi yau. Da jiniyar sauyin aiki ta yi kuka, titunan da suka ratsa tsakanin masaƙun Kaduna sukan cika maƙil da kekuna da babura. Masu fitowa na kaɗe burbushin auduga daga gashin kansu, masu shiga na sauri da kwanon abinci ɗaure a bayan keke. Dare da rana injuna ba sa tsayawa. A jikin albashin mutanen nan mai tuwo take ci, da mai shayi, da mai faci, da tela, da duk wanda ya gina ɗaki biyu ya zuba 'yan haya a Kakuri ko Makera ko Nasarawa.

Mu da muke firamare a wancan lokaci, idan malami ya tambayi abin da muke so mu zama, amsar ba ta wuce huɗu: likita, soja, injiniya, matuƙin jirgin sama. Wannan ta cikin aji ce, wadda ake faɗa don a tafa wa mutum. Sai an tashi, a hanyar gida, ake jin ainihin abin da ke zuciyar kowa. Wanda babansa ke sashen saƙa, burinsa ya zama foman, ya riƙa yawo tsakanin injuna da biro a aljihun gaba. Wanda kawunsa ke kamfanin harhaɗa motocin Peugeot, da ya fara aiki a 1975, ba shi da zance sai na kanikanci. Ɗan ma'aikacin reluwe kuwa kan jirgin ƙasa yake hange. Abin da ban gane ba sai da na girma shi ne, kowane ɗaya daga cikinsu ya san hanyar abin da yake so. Ya san makarantar da zai shiga, ya san ƙofar da zai je ya tsaya, ya san wanda zai kama hannunsa ya shigar da shi, har ma ya san kimanin shekarun da ake yi kafin a ƙara wa mutum girma. Burin yaro hanyar da idonsa ke gani yake bi.

Na kawo wannan ne saboda maganar da ta cika bakin manya a yanzu. A rediyo, a wajen wa'azi, a taron yaye ɗalibai, zancen ɗaya ne: yaran zamani ragwaye ne, ba sa son sana'a, kowa ya rungume takarda yana jiran aikin gwamnati. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma an ɗora laifin a kan wanda ya fi kowa ƙarancin hannu a cikinsa. Yaron da aka haifa a shekarar 2000 bai ƙirƙiro jiran ofis ba. Tarar da shi ya yi, kuma akwai waɗanda suka koya masa.

A da, ƙasar Hausa ƙasar masu sana'a ce, kuma ba a ɓoye take ba. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa a kuma rina a ƙasar Kano suna kaiwa har Murzuk da Gat da Tarabulus ta arewa, da Tumbuktu ta yamma. Karofin Ƙofar Mata, da ake danganta kafuwarsa da 1498, har yanzu yana nan. Turkuɗin Kura shi ne rawanin Buzaye. Jar fatar akuyar Sakkwato ita ce Turawa suka daɗe suna saye da sunan fatar Maroko, don ta can take bi kafin ta isa gare su. Unguwanni sun ɗauki sunan aikin mazaunansu, irin su Dukawa da Soron Ɗinki a birnin Kano. Kowace sana'a kuma da sarkinta a fada: Sarkin Maƙera, Sarkin Fawa, Sarkin Aska, Sarkin Magina, Sarkin Noma. Magini Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, sarautar Babban Gwani aka ba shi, kuma har gobe akwai unguwa mai wannan suna a birnin. Yaron da ya tashi a irin wannan gari ya ga da idonsa cewa mai ɗaukar guduma ko mai kwaɓa ƙasa yana iya zama mutumin da sarki zai aika a kira da girmamawa.

Sai dai kada son baya ya rufe mana ido. Wancan tsari gado ne, gado kuwa ba ya tambayar ra'ayin yaro. Ɗan maƙeri maƙeri ne ko da zuciyarsa na wajen fatauci. Akwai sana'o'in da aka riƙa kallo da ƙasƙanci, har a hana mutum aure don kakansa mahauci ne ko wanzami ko makaɗi, alhali duk gari ba mai iya kwana uku ba tare da aikinsu ba. Wannan zalunci ne, kuma ragowarsa na nan a cikinmu. Saboda haka da boko ya zo da wata ƙofa da ba ta tambayar gidan da mutum ya fito, ba abin mamaki ba ne talaka ya ƙyalla ido a kanta, bayan ya gama gudunta.

Makarantar da Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawar Kano a 1909 tana da sashen koyon sana'a, amma abin da Turawa da En'e suka fi buƙata shi ne mai rubutu da lissafi: akawu, malamin haraji, malamin asibiti, malamin gona, duba-gari. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 malaman makaranta take horarwa, kuma daga cikinta Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka fito. Mutane suka ga wanda ya fara da alli a hannu ya zama Firimiya, wani ya zama Firayim Minista. Daga nan alƙalami ya fara rinjayar guduma.

Gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta yi abu biyu a lokaci guda, kuma mun riƙe ɗaya mun saki ɗaya. Na farko, ta dage sai 'yan Arewa sun cike guraben aikin gwamnatin Jihar Arewa, domin a shekarun 1950 yawancin kujerun na hannun Turawa da 'yan Kudu. Aka riƙa bin ɗalibai har makaranta ana ɗaukar sunayensu. Cibiyar koyon aikin mulki ta Kongo a Zariya ta riƙa fitar da Di'o-Di'o da alƙalai, Jami'ar Ahmadu Bello ta biyo baya a 1962. A wancan zamani, wanda ya gama sakandare aiki ne ke neman sa. Wannan shi ne labarin da kakanni suka ba iyaye, iyaye suka ba mu, mu kuma muke ba 'ya'yanmu, ba tare da mun gaya musu cewa kujerun nan sun cika tun tuni ba.

Abu na biyu shi ne masana'antu. A 1957 masaƙar KTL ta fara aiki a Kaduna, haɗin gwiwar gwamnatin Arewa da kamfanin David Whitehead na Ingila, kuma ita ce babbar masaƙar zamani ta farko a Nijeriya. Zuwa tsakiyar shekarun 1960 Arewa Textiles ta zo da jarin Japanawa, UNTL ta zo da na mutanen Hong Kong, aka kafa wata a Gusau, daga baya Funtuwa ta samu tata. Kano ta cika Bompai da Sharaɗa da Challawa da masaƙu, da majemu, da kamfanonin matse gyaɗa. Hikimar abin a fili take. Manomi a Funtuwa ko Malumfashi ko Gusau ya noma auduga, a kai ta injin gurza, a ɗauko ta zuwa Kaduna a kaɗa zare, a saƙa, a rina, a buga zane, 'yan Kantin Kwari su sara, tela ya ɗinka. Duk gaɓar da ka duba, akwai wanda ke cin abinci a wurin, akwai kuma yaron da ke kallon sa yana cewa shi ma haka zai zama.

Aikin masaƙa ba hutu ba ne. Ƙarar injin saƙa takan kashe kunne, ƙurar auduga takan zauna a ƙirji, aikin dare yakan raba mutum da iyalinsa. Na san dattawan da sai an ɗaga murya suke ji har suka koma ga Allah. Amma aikin yana da tsani. Mutum yakan shiga yana share ƙasa, a koya masa ƙulla zare, a ba shi inji, ya zama mai gyaran inji, ya zama foman. Akwai asibitin ma'aikata, akwai ƙungiyar ƙwadago mai ƙarfi da ke zama da masu kamfani a kan albashi. Adams Oshiomhole a Arewa Textiles ya fara aiki, ya zama babban sakataren ƙungiyar ma'aikatan masaƙu a 1982, ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa daga 1999, ya zama gwamnan Edo a 2008. Ko mutum yana son siyasarsa ko ba ya so, wannan tafiya daga bakin inji ta faro.

To, yaushe ma'auni ya karkata? A ganina, shekarun kuɗin man fetur ne. Da aka biya ƙarin albashin Udoji a 1975, haɗe da ariyas na watanni, ma'aikacin gwamnati ya wayi gari da kuɗin da bai taɓa riƙewa ba. Aka sayi babura da rediyo mai kaset da firji. Ga bashin mota, ga gidan kwatas, ga fansho da garatuti a ƙarshe. Manomin gyaɗa kuwa, wanda guminsa ya gina dalar gyaɗa a Kano, a daidai wannan lokaci fari da cutar gyaɗa suka durƙusar da shi, ba kuma wanda ya ba shi ariyas. A 1976 aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta na UPE, yara suka cika azuzuwa, abin alheri ne ƙwarai. Amma darasin da ba a rubuta a allo ba, wanda kowane yaro ya haddace, shi ne: ka yi karatu don kada ka ƙare a gona ko a maƙera kamar babanka. Malamai sun faɗa mana haka da bakinsu, da kyakkyawar niyya. Idan ɗalibi ya yi laifi, horonsa noma ne a gonar makaranta. Idan ya kasa jarrabawa, sai a ce a kai shi ya koyi kafinta. Mun mayar da aikin hannu ya zama hukunci da makomar wanda ya faɗi, sannan yau muna mamakin yaro ya guje shi.

Har cikin zauren neman aure abin ya shiga. Idan aka zo bincike, tambayar farko ita ce: ina yake aiki? Idan aka ce ma'aikatar kaza, sai fuska ta saki, ko da albashin bai kai abin da mai walda ke samu a mako biyu ba. Idan aka ce ai tela ne, sai a ce to, za mu yi shawara. A wajen ɗaurin aure da suna, kujerar gaba ta mai ofis ce. Yara na tsaye suna kallon wa aka ba kujera, wa aka bari a tabarma.

Gwamnati ta hango matsalar, ba za a ce ba ta hango ba. Tsarin karatu na 6-3-3-4 da aka fara a 1982 an yi shi ne don yaro ya taɓa aikin katako da na ƙarfe da na lantarki a ƙaramar sakandare, wanda hannunsa ya faɗa a can ya wuce makarantar fasaha. Aka sayo injuna daga ƙasashen waje aka rarraba. A makarantu da dama akwatunan ko buɗe su ba a yi ba, saboda babu wuta, babu ɗakin aiki, babu malamin da ya san kansu. Ɗalibai suka riƙa zana zarto da guduma a littafi suna haddace sunayen sassansu. Da yawa cikinmu mun ci jarrabawar wannan darasi ba mu taɓa buga ƙusa ba.

Daga nan sai ƙofofin biyu, ta ofis da ta masana'anta, suka fara rufewa kusan tare. Shirin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986 ya karya darajar Naira, kayan gyaran inji suka yi tsada, albashi ya zama ba ya kai mutum ƙarshen wata, gwamnatoci suka riƙa dakatar da ɗaukar aiki. A shekarar ce kuma aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, manomin auduga ya rasa mai ba shi iri mai kyau da tabbacin farashi. A 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi. Ga rashin wutar lantarki, ga tsadar baƙin mai, ga atamfar da ake kwaikwayon zanenmu a Sin a shigo da ita ta ɓarauniyar hanya a sayar da rabin kuɗi. KTL ta tsaya a 2002. UNTL, wadda ta fi kowace girma, ta rufe masaƙarta ta Kaduna a 2007. Sauran suka bi ɗaya bayan ɗaya, a Kaduna da Kano.

Abin da ya biyo baya na gan shi a gidajen da na sani. Mutumin da ya shekara ashirin yana gyaran injin saƙa, wanda da jin ƙara kawai yake gane inda matsala take, ya koma gadi ko ya hau achaɓa da furfurarsa. Wasu suka tattara iyali suka koma ƙauye. Wasu suka yi ta zaryar neman haƙƙinsu har mutuwa ta riske su. Ilimin da ke hannunsu ba wanda ya gada, domin babu injin da za su koyar a kai. 'Ya'yansu kuwa sun ɗauki darasi mai ɗaci: kamfani yana iya mutuwa, gona tana iya ƙin yi, amma gwamnati ba ta rufewa. Wanda ya ga haka a gidansu, idan ya ce shi aikin gwamnati yake so, ba lalaci ne ke magana ba, tsoro ne, kuma tsoron yana da dalili.

Ranar 15 ga Maris, 2014, ƙasar nan ta ga inda wannan tsoro ya kai mu. Hukumar shige da fice ta kira jarrabawar ɗaukar aiki. Fiye da mutum rabin miliyan suka nema, kowa ya biya Naira 1,000, guraben kuwa ba su kai 5,000 ba. Aka tara su a filayen wasa, aka yi turmutsitsi a Abuja da Fatakwal da Minna da Benin, aƙalla mutum 15 suka rasu, har da mata masu juna biyu. Waɗannan ba ragwaye ba ne. Rago ba ya yin sammako ya tsaya a rana tun asuba. Matasa ne da aka nuna musu ƙofa ɗaya tak, suka taru a bakinta.

Yau shekaru sun ƙara tafiya, kujerar da ake rububi a kanta ma ta rame. Mafi ƙarancin albashi ya koma Naira 70,000 a 2024, a lokacin da buhun shinkafa ya fi haka a kasuwanni da yawa. Kowa ya san ana sayar da gurbin aiki, har iyaye na sayar da gona ko fili su saya wa ɗa takardar kama aiki, wani lokaci ma ta bogi. A gefe guda kuma, shiga duk inda ake babban gini a Abuja ko Kano ko Kaduna ka tambayi wa ke sa tayil, wa ke yin silin na filasta. Sau da yawa za ka tarar daga Kwatano ko Togo aka ɗauko su, kuma kuɗin da suke karɓa a gini ɗaya ya fi albashin wata da watanni. Masu ginin za su ce maka namu ba sa gama aiki da kyau. Maganar tana da zafi, amma kafin mu yi fushi, mu tambayi kanmu wa ya zauna ya koya wa namu.

Nan ne nake ganin ya kamata mu tsaya mu duba da kyau, domin hanyar koyon sana'a ba ta mutu ba, rauni ta yi. Je ka Panteka a Kaduna ka ga abin da ake ƙerawa da tsohon ƙarfe: injin niƙa, injin casar masara, tukwane, ƙofofi. Je ka kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, sana'ar da ba a san ta ba kafin zuwan wayar salula a 2001, ka ga yaran da ke buɗe waya su gano abin da ya ƙone su canza shi. Je ka kowane gareji. Uba yakan kawo ɗansa ya damƙa wa maigida, ya ce ga amana. Yaro ya fara da wanke kayan inji da fetur da miƙo sifana, har ya san lamba goma da sha biyu da ido. Sannan a bar shi ya kwance, daga baya a bar shi ya ɗaura, wata rana maigida ya tura shi gyara shi kaɗai. A kasuwa ma haka ne. Yaron shago yakan fara da shara da ɗaukar kaya, ya san farashi, ya san abokan ciniki, a fara aikensa Legas ko Kwatano saro kaya. Idan ya yi gaskiya, ubangida ya yi masa aure, ya kama masa shago, ya zuba masa kaya bashi. Attajirai nawa ne a kasuwannin Kwari da Singa da Dawanau suka taso ta wannan hanya? Ba su ƙirguwa.

Inda abin ya lalace shi ne ƙarshen hanyar ya daina bayyana. Ba a yanka wa'adi tun farko. Wani maigidan zai riƙe yaro shekara goma yana ba shi kuɗin abinci kawai, ba ranar yaye, ba jari, idan ya yi magana a ce ya yi butulci. Wani yaron kuma wata shida kacal zai yi, da ya iya kwance tayar mota sai ya gudu ya kafa tasa rumfar, ya riƙa ɓata wa mutane kaya yana ɓata sunan sana'ar. Ga achaɓa da A Daidaita Sahu suna kiran sa da kuɗin yau-yau, alhali koyon sana'a haƙurin shekaru yake so. Wanda ya daure ya ƙware kuma ba shi da wata takarda da zai nuna, saboda haka idan babban kamfani ya zo da kwangila, lebura za a ɗauke shi, a kawo wani daga nesa a ɗora a kansa. Akwai jarrabawar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago, akwai hukumar NABTEB, hukumar NBTE mai hedikwata a Kaduna ma ta fito da tsarin ba masu sana'a shaidar ƙwarewa. Amma garejin unguwarku, mutum nawa ne a ciki suka taɓa jin labarin waɗannan?

Ban manta da mata ba, don su ne suka fi kowa riƙe sana'a ba tare da an yaba musu ba. Kakanninmu mata da mazari da abawa suka ciyar da masaƙan gargajiya da zare. Iyayenmu da ƙuli-ƙuli da dakau da ɗinkin hula da kitso da adashi suka yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki, wasu ma suka biya kuɗin makarantar waɗanda yau ke zaune a ofis. Hoton da ke bayan takardar Naira 20 na Ladi Kwali ne, maginiyar tukwane, wadda ta shiga cibiyar ginin tukwane ta Abuja ta da, wato Suleja ta yanzu, a 1954, aikin hannunta ya kai ta Turai da Amurka. Kuɗin na yawo a hannun 'ya'yanmu kullum, amma kaɗan ne aka taɓa gaya musu ko wace ce. 'Yan matan yanzu da ke ɗinki da lalle da girke-girke suna tallata kayansu ta WhatsApp da Instagram, gadon nan suke ci gaba da shi, kuma da yawansu da digirinsu a akwati.

Kada wani ya fahimce ni a karkace. Ba cewa nake a bar karatu ba. Arewa na cikin matsananciyar buƙatar likitoci, musamman mata, da ungozomomi da malaman makaranta da injiniyoyi. Yarinyar da ta ce likita take so ta zama, a tsaya mata da duk abin da aka mallaka. Bakaniken yau ma sai da karatu, domin motocin yanzu da kwamfuta ake gano cutarsu, mai haɗa sola kuma dole ya iya lissafin abin da batir zai ɗauka. Abin da nake ƙi shi ne a tura yaro makaranta shekara goma sha shida ba tare da an taɓa zama da shi an tambaye shi me hannunsa da zuciyarsa suka fi karkata a kai ba, ba a kai shi ya ga masu yin aikin ba, sannan ranar da ya dawo daga bautar ƙasa a ce ya fita ya nemi abin yi.

Gwamnati tana da nata kason, kuma babba ne: wutar lantarki, tsare iyaka daga fasa-ƙwauri, da makarantun fasaha masu injuna da ke aiki da malaman da suka iya su. Ba na jin rabon kekunan ɗinki bayan horon mako biyu zai maye gurbin wannan. Amma akwai abin da ba sai mun jira kowa ba. Ƙungiyoyin makanikai da teloli da masu walda da 'yan kasuwa suna da shugabanni, suna da ikon sa doka a tsakaninsu. Su yanka wa'adin koyo, a rubuta shi a gaban uban yaro da shaidu, a fayyace abin da maigida zai yi ranar yaye da abin da ke kan yaro kafin ranar. Su nemi hukumomin nan su zo har gareji su gwada yaransu su ba su shaida.

Ku kuma iyaye 'yan'uwana, hutun makaranta mai zuwa, ku kama hannun yaron nan ku kai shi wajen mai sana'ar da kuka yarda da gaskiyarsa da ƙwarewarsa, ku zauna ku yi magana a kan wa'adi, ku riƙa leƙawa kuna ganin abin da yake koyo. Idan kuma mai sana'a ya aiko neman auren 'yarku, ku binciki halinsa da addininsa da ko aikin nasa zai riƙe gida, ku ba shi amsa a kan wannan.